Makonni Shida na Farko da Sabon Injin Katako a Shagona

Na shafe shekaru sama da 20 ina aikin kafinta a Kano, kuma a mafi yawan wannan lokaci sai na loda katako a mota na kai wa masu injin tsagawa da ferewa a 'Yan Katako da ke Na'ibawa, in bi layi, in biya, sannan in dawo shago, wani lokaci bayan la'asar, da katakon da kaurinsa bai zo daidai da abin da na nema ba. Wannan wahala ce ta sa na yi shekara uku ina tara kuɗi har na sayi injina na kaina, wanda aka shigo da shi ta tashar jirgin ruwa ta Legas, dillali ya kawo mini shi har ƙofar shago a ƙarshen hunturu.

Injin guda ɗaya ne amma ayyukansa biyar: akwai zarto mai zagaye na tsagawa da yankewa, akwai filena mai daidaita fuskar katako, a ƙarƙashinta akwai sashen fitar da kauri, sai sashen fitar da ado a gefen katako, da kuma na huda ramin haɗi. Moto uku ne a cikinsa, kowanne mai kilowat 3, kuma yana cin wuta mai layi uku, bolt 400. Abin da ya bambanta shi da tsofaffin injinan da na saba gani shi ne akwatin lantarkin da ke gefensa. Shi ke zaɓen moton da zai tashi, shi ke taka wa zarto birki idan an kashe, shi ke sarrafa gudun sashen ado ta hanyar inbata, wato na'urar da ke ƙara ko rage gudun moto, kuma yana da ƙaramin allo da ke nuna kaurin katako da lambobin matsala. Wannan akwati shi ne ya ja hankalina na sayi injin, kuma shi ne na kusa sa a cire kafin a yi wata guda.

Kwana biyu na farko sun tafi ne a kan share giris. Masu ƙera irin waɗannan injina suna shafe teburan ƙarfen da mai mai kauri don kada iskar teku ta sa su tsatsa a hanya, kuma ba ya fita sai da kananzir da tsumma da haƙuri. Daga nan muka dasa shi, muka ɗora ma'aunin ruwa a kan teburin, muka ga simintin shagon ya karkata wajen ƙofa, sai muka cusa ƙananan fallayen ƙarfe a ƙarƙashin ƙafafu biyu har ƙwayar ruwan ta tsaya a tsakiya.

Ranar da aka haɗa wuta, maƙwabta sun taru, har mai shayin bakin layi ya bar teburinsa ya zo kallo. Na yi bismilla na danna koren maɓalli. Allo ya kawo haske, amma babu abin da ya motsa. Na sake dannawa, shiru. Babban yarona na shago, wanda ya fi ni sabo da kayan zamani, ya zagaya bayan injin ya ce, "Maigida, akwai wani jan maɓalli a nan ma, kuma a danne yake." Ashe maɓallan tsayarwar gaggawa biyu ne, ɗaya a gaba, ɗaya a wajen filena, kuma idan an danna su suna maƙalewa ne sai an murɗa su kaɗan sannan su saki. Ya murɗa, ya fito, na sake danna kore. Zarto ya tashi da wata ƙara mai daɗin ji, jama'a suka yi ta sa albarka.

Murnar ba ta daɗe ba, domin da muka juya maɓallin zaɓi zuwa sashen fitar da kauri, injin ya sake yin gum. A nan ne na fara buɗe littafin bayanin da ya zo da shi, wanda da farko na jefa a aljihun tebur. Littafin ya nuna cewa akwai ƙananan makunnan tsaro a ɓoye a wurare huɗu, a ƙofar zarto, da murfin sashen ado, da maɗaurin teburan filena, da murfin da ke rufe wuƙaƙe yana tattara dusar katako. Muddin ɗaya daga cikinsu bai ji an danne shi ba, akwatin lantarki ba zai bar moto ya tashi ba. Muka kashe wuta daga babban makunni, muka bi su ɗaya bayan ɗaya, muna rufe kowane murfi a hankali muna kasa kunne. Uku sun yi ɗan ƙaramin sautin "ƙas" da ke nuna sun kama. Na huɗu, wanda ke ƙarƙashin murfin wuƙaƙe, bai ce komai ba. Ƙarfen da ke riƙe da shi ya goce da kimanin milimita 3, ina kyautata zaton saboda girgizar hanya daga Legas zuwa Kano, don haka murfin yana sauka a gefensa. Sassauta noti biyu da mayar da shi gurbinsa bai ɗauki minti goma ba, amma gano shi ya cinye mana yini guda.

Daga wannan rana na sayi littafin rubutu mai shafi 40 na rataye shi da igiya a jikin injin. Duk lokacin da wani abu ya faru, sai a rubuta ranar, da ƙarfe nawa ne, da aikin da ake yi, da irin wutar da ake kai, ta gari ko ta janareta, da lambar da allo ya nuna. Yaran sun ɗauki abin kamar wasa, amma wannan littafi ne ya warware babbar matsalar da ta biyo baya.

A mako na biyu injin ya fara ɗaukewa da kansa. Wani lokaci da zarar an danna kore sai ya yi gurnani ya mutu, wani lokaci kuma sai an cusa katako mai tauri ya kai tsakiya sannan ya tsaya cak, allo ya nuna wata lamba guda da ba ta canzawa. Na kira dillali, ya ce a duba wuta. Na ji haushin amsar, domin a ganina ga kwan fitila yana ci, ga fanka tana juyawa, wace wuta kuma za a duba? Na kira mai gyaran wutar da ya saba yi mana aiki, mutum ne mai hannu wanda ya daɗe yana naɗin koyil. Ya buɗe akwatin, ya dube shi na ɗan lokaci, ya girgiza kai ya ce, "Alhaji, wannan kayan Turawa ne, an yi shi don ƙasar da wuta ba ta wasa. Ka bari in cire wannan akwati gaba ɗaya in haɗa maka kowane moto kai tsaye da makunninsa. Haka muke yi wa kowa, kuma ba za ka sake jin ya ɗauke ba."

Gaskiya maganar ta shige ni, domin ina da odar ƙofofi goma sha biyu a hannu, mai su kuma ya fara kira safe da yamma. Abin da ya tsayar da ni shi ne, da na ɗauko littafin da ke rataye na duba, sai na ga ɗaukewar ba ta faruwa da sassafe. Kusan dukkanta tsakanin ƙarfe 11 na safe ne zuwa magariba, kuma sau da yawa a daidai lokacin da maƙwabcina mai walda yake aiki. Lambar da allo ke nunawa kuwa, a littafin bayani, ma'anarta ita ce ƙarfin wuta ya faɗi ƙasa da ƙa'ida. Sai na ce masa, "Malam, kafin mu cire komai, don Allah mu auna wutar tukuna, a bakin mita da kuma a jikin injin, yana tsaye da kuma yana aiki."

Abin da ma'aunin ya nuna ya rufe bakinmu duka. A bakin mita da rana wutar tana kai bolt 372 tsakanin layi da layi, wato ta riga ta yi ƙasa, amma tana cikin abin da injin zai iya jurewa, tunda an yi shi ne ya karɓi ragi ko ƙari na kashi 10 cikin ɗari, daga 360 zuwa 440. A jikin injin kuwa, da zarar an danna kore, sai lambar ta zube ƙasa da 340, kuma layi ɗaya ya fi sauran biyun faɗuwa sosai. Mai gyaran ya bayyana mini cewa irin wannan moto yana jan wuta ninki biyar zuwa bakwai a daƙiƙun farko na tashinsa, don haka duk wani rauni da ke cikin waya a lokacin yake bayyana. Muka bi wayar daga mita zuwa shago, tazarar kimanin mita 45. Tsohuwar waya ce da na gada daga wanda ya riga ni zama a shagon, siririya, an yi mata haɗi a wuri uku ta hanyar murɗe bakin da naɗe shi da tef, kuma a ɗaya daga cikin wuraren haɗin ne aka ja layin da ke zuwa wurin mai walda. Da muka kashe wuta na taɓa wannan haɗi, zafinsa ya sa na janye hannu da sauri, tef ɗin ya narke ya manne, jan ƙarfen ciki ya koma baƙi.

Shi kansa mai gyaran, da ya ga haka, ya ce da mun haɗa kai tsaye da moton bai ɗauke ba, amma da ya ci gaba da jan wuta fiye da ƙima a kan layi mara daidaito har koyil ya ƙone, kuma da garantin ya tafi tare da akwatin da muka cire. Na faɗi wannan ne ba don in rage masa daraja ba, domin shawarar da ya fara bayarwa ita ce wadda kusan kowa ke bayarwa a kasuwa, kuma da ya ga hujja bai tsaya gardama ba. Muka sayi sabuwar waya ta jan ƙarfe zalla mai girman murabba'in milimita 6, guda ɗaya ba haɗi, muka ja ta daga mita zuwa injin ita kaɗai, aka raba layin mai walda daban. Kuɗin ya yi mini zafi, amma araha ba ta ado. Ɗaukewar ta ragu daga sau biyar ko shida a yini zuwa sau ɗaya ko biyu a mako, a ranakun da wutar gari da kanta ta zo da rauni, kuma a irin waɗannan ranaku muna komawa kan janareta ne kawai.

Janaretan ma sai da ya nuna nasa hali. Na dizal ne, kuma ya daɗe yana yi mana aiki ba tare da ƙorafi ba, amma akwatin injin ya ƙi amincewa da shi. Ma'auni ya nuna cewa bugun wutarsa yana hawa sau 53 a daƙiƙa idan babu kaya, ya faɗo 46 idan moto ya tashi, alhali wutar ƙasar nan a kan 50 take. Irin wannan janareta sai ya riƙe juyi 1500 a minti kafin ya ba da 50 daidai. Makaniki ya wanke matatar mai, ya saita abin da suke kira gwamna, wato na'urar da ke ƙara mai ko rage shi gwargwadon nauyin da aka ɗora, sannan muka ɗauki ɗabi'ar tayar da injin katako shi kaɗai tukuna, sai ya daidaita a kunna sauran kaya.

A wannan tsakani na lura da wani abu da ya kamata duk mai irin wannan inji ya sani. Idan aka kashe zarto da maɓalli, birkin lantarki yana tsayar da shi cikin ƙasa da daƙiƙa 10. Amma birkin da wuta yake aiki, don haka idan wuta ce ta ɗauke ana tsakiyar aiki, babu birki, zarton zai ci gaba da juyawa shiru na tsawon lokaci, a shagon da ya yi duhu kuma kunnuwa suka ɗauka komai ya tsaya. Na ga ƙaramin yarona ya miƙa hannu zai share dusa a irin wannan hali, na daka masa tsawar da har yau yake tunawa. Kyawun abin shi ne idan wutar ta dawo injin ba ya tashi da kansa sai an sake danna kore, wanda shi ma yana cikin abubuwan da da mun rasa in da an haɗa shi kai tsaye.

Matsalar wayar ƙasa, wadda masu wayarin ke kira atin, ta zo da sauƙi. Lambobin allo suna tsalle idan sashen ado yana aiki, kuma wanda ya jingina damtse da teburin ba takalmi yana jin ɗan tsiri-tsiri. Ashe shagon ba shi da atin kwata-kwata. Aka kafa doguwar sandar jan ƙarfe a bayan shago, a gefen da ruwan alwala ke zuba don ƙasar wurin ba ta bushewa, aka haɗa ta da jikin injin, abin ya wuce.

Wadda ta fi ba ni dariya daga baya ita ce ta injin zuƙar dusa. Mun saye shi tare, shi ma mai layi uku ne, kuma tun ranar farko yana juyawa yana kuma zuƙa, sai dai zuƙar ba ta taka kara ta karya ba. Dusa tana cushewa a sashen fitar da kauri, abin jan katako yana bi ta kanta yana danna ta a fuskar katakon, sai ka ga aikin ya fito da ƙananan tabo kamar na ƙyanda. Mun kwance mesa mun duba ko ta toshe, mun rage tsawonta, mun zazzage buhu, duk a banza. Sai wata rana babban yarona ya leƙa fankar lokacin da take gab da tsayawa, ya ce, "Maigida, kibiyar da ke jikin murfin nan tana nuna dama, ita kuwa hagu take juyawa." Moto mai layi uku yana juyawa ne gwargwadon jerin da aka haɗa wayoyinsa, kuma irin wannan fanka ko da baya take juyawa tana ɗan jan iska, shi ya sa ba mu yi zargi ba. Aka kashe wuta, aka sauya gurbin waya biyu daga cikin ukun, da aka kunna sai da mesar ta tsuke don ƙarfin zuƙa. Mako uku muka yi a kan abin da sukurudireba ta gyara cikin minti biyar.

Bayan wuta ta daidaita sai aka koma kan ingancin aikin kansa, kuma a nan ne ilimin kafinta ya fi na mai lantarki amfani. Zarton yana ƙona gefen katako, musamman maɗaci, yana barin baƙin zane da ƙauri, kuma rannan ya cafki wani guntu ya wurgo shi baya ya daki bango da ƙarfin da ya fasa filasta. Allah ya kiyaye babu kowa a tsaye a saitinsa. Na kashe wuta, na ɗaga zarton sama, na yi wa haƙori ɗaya alama da biro, na auna tazararsa da ƙarfen jagora, wanda gefen katako ke bi, a gaba, sannan na juya wannan haƙori zuwa baya na sake aunawa. Baya ta fi gaba matsewa da kusan milimita ɗaya, wato jagoran yana matse katako a jikin haƙoran baya, waɗanda ke tasowa sama, su ne kuma ke ɗaga katako su jefo shi. Na saita jagoran ya zama daidai, har na bar bayan ya buɗe da kaurin takarda. Na kuma duba wuƙar da ke tsaye a bayan zarto, wadda ke hana tsagar rufewa, na tarar ta karkata, na daidaita ta da layin zarton. Na san da yawa daga cikin abokan sana'armu suna cire wannan wuƙa su ajiye tun ranar farko don wai tana hana aiki, kuma ina ganin kuskure ne babba.

Filena kuma tana cin ƙarshen kowane katako, ta bar ɗan kwari mai tsawon yatsa uku. Dalili shi ne wuƙaƙen sun ɗara teburin fita, wato wanda katako ke hawa bayan ya wuce su, tsawo, kuma ba su ma yi daidai da juna ba. Na ɗora madaidaicin guntun katako a kan teburin fita, bakinsa ya ɗan leƙo kan wuƙa, na juya gangar da wuƙaƙen ke jikinta da hannu, wuta a kashe. Wuƙar da ke daidai za ta ɗan taɓa guntun ta ja shi gaba da milimita 3 zuwa 5. Ta farko ta ja shi 4, ta biyu 11, ta uku ba ta taɓa shi ba sam, ma'ana wuƙa ɗaya ce ke yin aikin uku. Na saita kowacce a gefen dama da hagu, ina ɗaure notin daga tsakiya zuwa waje, ina sake aunawa bayan kowane ɗauri domin ɗaurin kansa yana ɗan ɗaga wuƙa. Wannan ya ci mini rabin yini. Na goga kakin kyandir a teburin ƙasa, katako ya daina tirjewa.

Allon kauri shi ma sai da aka koya masa gaskiya. Yana nuna milimita 20, katako yana fitowa 21.2. Na fere guntu ɗaya, na auna shi da ma'aunin kauri a wuri huɗu, na shigar da ainihin lambar kamar yadda littafin ya nuna. Na kuma gane cewa dole a riƙa isa ga awon ƙarshe ta hanyar ɗaga tebur sama, domin idan aka sauko da shi akwai ɗan sako-sako a zaren ƙarfen da ke ɗaga shi, wanda ke ɓata awon da kusan rabin milimita.

Akwai ƙofofi biyu da suka kantare bayan mako guda, na kusa ɗora wa injin laifi, sai na tuna katakon bai daɗe da sauka daga kudu ba, da sauran danshi a cikinsa, iskar Kano kuwa ba ta yi masa da sauƙi. Wannan tsohuwar matsala ce da ta girmi kowane inji.

Da watan Afrilu ya kama, zafi ya haura 40 a ma'auni, sashen ado ya fara tsayawa bayan azahar da wata sabuwar lamba mai nuna inbata ta yi zafi. Irin waɗannan na'urori galibi an yi su ne su ba da cikakken ƙarfi har zuwa zafin 40, shagon kuwa rufin kwano ne. Muka kashe wuta, muka jira minti goma kamar yadda gargaɗin jikin murfin ya ce, domin akwai sassan da ke riƙe caji bayan an kashe, sannan muka buɗe. Ragar shigar iska ta toshe da dusa da jar ƙura har ta zama kamar bargo. Muka hure ta, muka janye injin daga bango da taku biyu, muka mayar da aikin ado zuwa safiya, kuma hure ragar ya shiga aikin kowace Alhamis kafin a tashi.

Abu ɗaya ne ya rage wanda na tabbata daga masana'anta ya zo da shi. Maɓallin zaɓi ba ya kama gurbin sashen huda sai an ɗan girgiza shi, kuma mun auna mun ga bakin cikinsa ne ba ya haɗuwa da kyau. Na ɗauki bidiyo da hoton shafin littafinmu na tura wa dillali ta WhatsApp, da ya ga ranaku da lambobi a jere bai ja magana ba, ya ce zai aiko da sabo a cikin kayan da ke tafe. Kafin ya iso muna huda ramin haɗi da kurfi da guduma kamar yadda muka saba, ƙofofi goma sha biyun nan kuwa an kai su an kafa tun makon jiya.